Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Al'adu: a girmama malaman kiɗa tun suna da rai

Mai girma Minista,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya taya ku riƙon amanar da aka ɗora muku.

Ni tsohon malamin lakwal ne a nan Yamai, asalina kuwa Ader. Na koyar da yara karatu da lissafi, na kuma koyar da su waƙa, don a zamaninmu da wuya mushe ya ƙare mako bai tsai da ajinsa sun rera wani abu ba. Da wannan ɗan matsayi nake rubuto muku a bainar jama'a, a kan mutanen da suka ƙarar da ƙuruciyarsu wajen koyar da kiɗa, da masu jan ragamar ƙungiyoyin makaɗa, da su kansu makaɗa da mawaƙa. Abin da nake roƙo shi ne a girmama su tun suna numfashi, kuma girmamawar ta zama irin wadda za ta sa abin da ke hannunsu ya shiga hannun wani kafin ƙasa ta rufe musu ido.

Ranku ya daɗe, kun san labarin biram, amma ku bar ni in maimaita shi saboda masu karatu. Biram abin kiɗa ne na Buduma, masuntan tafkin Chadi, mai tsirkiya biyar, gangar jikinsa kamar kwale-kwale. An wayi gari masu kaɗa shi sun ƙare, saura dattijo ɗaya da ake kira Bukar Tar. A 2002, da tallafin UNESCO, Malam Maman Barka ya bar Yamai ya tafi can gabas ya durƙusa gaban wannan dattijo. Ku lura, Maman Barka a lokacin ba yaro ba ne. Haifaffen Tasker ne, ya yi aikin koyarwa, ya yi suna da gurumi har babu gidan da ba a san muryarsa ba a Nijar da arewacin Najeriya. Duk da haka ya aje sunan a gefe ya koma ɗalibi. Bukar Tar ya koya masa kiɗan da waƙoƙin da ke tafiya da shi, ya damƙa masa biram ɗinsa, bayan 'yan shekaru ya rasu. Maman Barka ya ɗauki wannan kaya, tare da makaɗinsa Umaru Adamu, ya kai shi har Turai, aka fitar da faifansa a Ingila a 2009. A watan Nuwamba na 2018 shi ma Allah ya karɓi abinsa.

Kiɗan al'umma guda ya rataya a wuyan tsoho ɗaya, sa'annan ya koma wuyan mutum ɗaya. Abin da ya cece shi a wancan karo bai fi kuɗin mota da guzuri da 'yan watannin zama ba. Da tallafin ya makara kaɗan, da yanzu sai dai a nuna wa yara biram a rataye a bango, a ce musu wai da can ana kaɗa wannan. Ina so ma'aikatarku ta tambayi kanta yau: mutum nawa ne a ƙasar nan za su iya ɗaura wa biram tsirkiya, su daidaita ta, su kaɗa shi yadda Buduma za su ji su ce nasu ne? Kuma wane abin kiɗa ne yanzu haka yake kan gaɓar da biram ya tsaya a 2002, a wani ƙauye na Ader ko Damargu ko Zarmaganda?

Mu 'yan Nijar mun iya jana'izar mawaƙi. Ranar da labari ya fito, rediyo ta wuni tana sa waƙoƙinsa, manya su cika gidan makoki, a yi jawabi, a ce an yi babban rashi. Haka aka yi wa Jeliba Baje, wanda ya riƙe tarihin Zabarmawa a kansa da molonsa, da ya rasu a 2018. Haka aka yi wa Abdalla Umbadugu a 2020, da Hajiya Hamsu Garba a 2022. Sun cancanci duk wannan, har da ƙari. Amma ta'aziyya ba ta koya wa kowa kiɗa. Wanda aka yi dominsa bai ji ba, yaran da ya kamata su gāje shi kuma sun watse neman abinci.

Akwai kuma waɗanda ko wannan ba su samu, su ne malamai. Idan mawaƙi ya hau dandali aka yi ta tafi, ba wanda ke tambayar wa ya fara riƙe masa yatsu a kan tsirkiya. A gargajiyance kiɗa gado ne, yaro yana tashi a gidan Sarkin Makaɗa, ya fara da ɗaukar kaya, ya koma ɗan amshi, a ba shi ƙaramar ganga ya yi shekaru yana bin bayan manya kafin a yarda ya riƙe kalangu a gaban jama'a. A nan yake koyon taken kowane basarake da kirarin kowace sana'a, ya san wanda ake yi wa mahauta da wanda ake yi wa maƙera, ya san abin da ganga ke faɗa ba tare da an buɗe baki ba. Mai algaita sai ya koyi yadda zai shaƙi iska ta hanci alhali busar ba ta yanke ba, kuma wannan ba a koyonsa a wata guda. Mai goge sai ya san ƙwaryar da ta dace, da fatar guza da za a rufe ta da ita, da gashin wutsiyar doki, da ƙaron da ake goga wa izga don ta kama. Duk wannan makaranta ce cikakkiya, mai aji-aji da jarrabawa, sai dai ba ta ba da takarda. Malamanta suna nan a ƙofar fadar Damagaram da Agadas da Tsibiri da Maraɗi da Doso, da garuruwan da motar gwamnati ba ta cika zuwa ba. 'Ya'yansu da yawa sun ga yadda iyayen suka tsufa hannu wofi, sun zaɓi kabu-kabu ko tafiya bariki. Ban ga laifinsu ba.

Gwamnatocin baya sun yi abin a zo a gani, kuma adalci ne a faɗa. A zamanin Janar Seyni Kunce, samariya da bikin matasa na ƙasa sun sa kowace jaha ta tashi da ƙungiyar rawa da waƙa da orkes ɗinta, ana gasa da gaske, ana kwana ana gwaji a gidajen samari. A 1987 aka kafa gasar Ɗan Gurmu, da sunan shahararren mawaƙin nan na Tawa. Wajen 1990 aka buɗe cibiyar koyar da kiɗa ta CFPM a Yamai da taimakon asusun raya ƙasashe na Turai, aka sa mata sunan Alhaji Taya, ɗaya daga cikin waɗanda suka share wa kiɗan zamani fage a ƙasar nan. Masana irin su Dokta Mahaman Garba, wanda ya yi digirinsa na dokta a Faransa a kan kiɗan Hausawan Nijar, sun ba wannan gida ƙarfinsu. A cikinsa aka tara kayan kiɗan ƙabilunmu wuri guda, aka zaunar da mai sarewa kusa da mai jita, mai kalangu kusa da mai karanta solfej, wato rubutun kiɗa, a takarda. Daga wannan zama ne mawaƙa irin su Musa Pusi da Sa'adu Bori da Fati Mariko suka ƙara gogewa, daga nan kuma Yakuba Mumuni da abokansa suka kafa Mamar Kasai a 1995, ƙungiyar da ta zagaya duniya da sunan Nijar. Wannan ya nuna abin da gida ɗaya mai malamai na ƙwarai zai iya haifarwa cikin shekara biyar. Sunayen ɗaliban mun haddace su. Na malaman da suka tsaya a kansu safe da yamma fa, a wane bango aka rubuta su?

Ga kuma masu jagorancin makaɗa, waɗanda aikinsu ya fi kowane ɓoyuwa. Taken ƙasarmu na farko, wanda aka ɗauka a 1961, Faransawa ne suka rubuta kalmominsa suka kuma tsara kiɗansa. A watan Yuni na 2023 aka sauya shi da namu na kanmu, kowa ya yi murna. To amma take ba ya tashi daga takarda ya shiga bakin jama'a da kansa. Sai da wani ya zauna ya raba wa kowane ƙaho da kowace ganga rabonta, ya tsai da 'yan badujala cikin rana suna maimaitawa har numfashin mutum talatin ko arba'in ya zama ɗaya. Sai da dubban malaman lakwal suka koye shi da kansu, sa'annan suka tsaya gindin tuta kowace safiya suna gyara wa yara murya. Ranar 3 ga Agusta ta samun 'yancin kai da ranar 18 ga Disamba ta jamhuriya, idan ana fareti, idanu na kan masu tafiya da manyan baƙi, mutumin da ke gaban fanfar da sandarsa kuwa, wanda in ya kuskure ƙafafun bataliya guda za su rikice, ba a ko ambaton sunansa a lasifika.

Shugaban orkes ma haka. Shi ne mai neman wurin gwaji, shi ne mai bin bashin kayan sauti, shi ke sasanta mai jita da mai ganga in sun saɓa, shi ke raba ɗan abin da aka samu bayan biki ya koma gida da mafi ƙanƙanta. A Tawa, Mona ya riƙe ƙungiyar Azna ta Ader tun shekarun 1970, samari nawa ne suka fara taɓa jita a hannunsa? A Yamai, Almeida, wanda ya yi aikin alƙali a kotu, ya kafa Tal National a 2000 ya mai da ita wurin da matasa daga kowace ƙabila ke koyon aiki tare. Irin waɗannan mutane makarantu ne masu tafiya da ƙafa, kuma ba su taɓa karɓar albashin koyarwa ba.

Abin da ya fi ci mini rai, sau da yawa sai baƙo ya yaba namu sa'annan mu waiwaya. Mamman Sani ya ɗauki kiɗansa na organ a 1978. Shekara da shekaru muna jin sautinsa tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin, ya zama kamar iskar gidajenmu, ba mu tambayi mai shi ba. Sai a 2013 da wani kamfanin Amurka ya sake fitar da kaset ɗin, duniya ta ɗauka, mu ma muka fara cewa ashe muna da gwani. Bombino ya shiga jerin 'yan takarar kyautar Grammy ta 2019, ɗan Nijar na farko da ya kai nan. Mdou Moctar, ɗan jahar Tawa, yana cika dandali a Amurka da Turai. A 2013 UNESCO ta sa imzad, gogen da matan Abzinawa ke kaɗawa, cikin gadon ɗan Adam, da sunan Nijar da Mali da Aljeriya. Duk abin alfahari ne. Amma tsohuwar da ta iya imzad ɗin, wadda saboda irinta aka samu wannan shaida, me ya canza a tukunyarta tun daga ranar?

Na san abin da wasu za su ce, don na sha jinsa a majalisa da bakin masallaci: ƙasa na fama da matsalar tsaro da tsadar hatsi, wa ke ta makaɗa? Wasu kuma har yanzu kallon maroƙi kawai suke yi wa duk mai riƙe da ganga, su yi rawa da kiɗansa ranar biki, su hana shi 'yarsu in ya zo neman aure. Ba na raina damuwar kowa, kuma ban ce kowace waƙa abin yabo ce ba, akwai ta banza kamar yadda akwai magana ta banza. Sai dai a tuna, duk lokacin da ƙasar nan ta shiga wani hali, mawaƙa ake fara kira. Su aka kira don rigakafin yara, su aka kira don dashen itatuwa da sa 'yan mata lakwal, su ake kira yau don ƙarfafa wa sojojinmu gwiwa da haɗa kan jama'a. Manomi ko yunwa ta kai ina ba ya cinye irin shuka, malaman kiɗa kuwa su ne irin. Kuma tun da kundin sake gina ƙasa na 2025 ya ɗaga darajar harsunanmu, har Hausa ta zama harshen ƙasa, ya kamata a san inda zurfin waɗannan harsuna yake ajiye. Wanda ya saurari mawaƙin nan Ma'azu Ɗan Alalo ya ji Hausar da babu ita a littafin aji.

Mun ma riga mun san yadda ake girmama gwani, don muna yi wa 'yan kokowa. Tun 1975 da aka fara gasar takobi a Tawa, sarkin kokowa na samun takobinsa da rawani da kuɗi masu kauri, ƙasa duka ta san sunansa. Filayen kokowa na jahohi suna ɗauke da sunayen tsofaffin gwanaye, na Maraɗi Kantu, na Damagaram Langa-Langa, na Doso Salma Ɗan Rani. Haka ya dace. To amma a cire kiɗa daga fagen nan a gani, a hana mawaƙan kokowa irin su Sagalo buɗe baki, a ga ko jinin ɗan kokowa zai tafasa. Abin da aka yi wa masu kokowa ba zai gagara a yi wa masu kiɗan ba.

Ga abin da nake ganin ya fi gaggawa, ranku ya daɗe. A sa daraktocin al'adu na jahohi takwas su zauna da sarakuna da sarakunan makaɗa da ƙungiyoyin mawaƙa, su fito da sunayen dattawan da kowa ya yarda su ne ƙarshen gwaninta a fanninsu, maza da mata, har da masu sassaƙa kayan kiɗan da masu ɗaure su. Ƙasa ta ba su wani matsayi da doka ta sani, da ɗan abin masarufi kowane wata, bisa sharaɗi ɗaya: kowannensu ya riƙe yara biyu ko uku yana koya musu, su ma yaran a ba su abin da zai hana su gudu. A ƙarshen shekara a zo a saurari ɗaliban a gaban jama'a. Wannan ba sabon abu ba ne a duniya, Japan na yin haka tun shekarun 1950, maƙwabciyarmu Burkina Faso ma ta naɗa nata gwanayen. A yi zaɓen da tsoron Allah, kada ya zama rabon 'yan uwa da abokai ko ladan wanda ya fi iya yabon masu mulki, don in ya zama haka gara ba a fara ba. Kuma kada a ce sai dattijo ya kawo takardu cike da jaka zuwa Yamai, yawancinsu ba su da ko takardar haihuwa. A je a same su inda suke.

Sai maganar lafiya, wadda ita ce ke tona asirin mawaƙi. Mun sha ganin sanarwa a Facebook da WhatsApp, ga hoton wani da muka taso da muryarsa kwance a gadon asibiti, ana neman a taimaka da abin sayen magani. Mutumin da ya faranta ran ƙasa shekara arba'in bai kamata ya ƙare da wannan ba. A kafa musu asusun jinya, a zuba masa wani kaso daga kuɗin da hukumar kare haƙƙin mawallafa ta BNDA ke karɓa, gwamnati ta ƙara nata. A kuma ƙarfafa wa hukumar hannu ta karɓi haƙƙin nan daga duk mai cin riba da waƙar wani, gidajen rediyo da talabijin, kamfanonin waya, otal-otal da masu tura waƙoƙi a katin waya a bakin kasuwa. Makaɗan gargajiya da ba su yi boko ba a bi su har gida a yi musu rajista, a bayyana musu da harshensu abin da ke nasu.

Gasar Ɗan Gurmu kuma a tsai da lokacinta kowace shekara, kada ta zama abin da ake tunawa da shi sai an samu sarari. A ƙara mata kyauta ta malami da ta shugaban ƙungiya. Duk wanda ya ci, kafin a miƙa masa komai, a tambaye shi a gaban jama'a wa ya koya masa, a kira mutumin ya hau dandali in yana da rai, in ya rasu a kira iyalinsa. Wannan ko dala ba zai ci ba. Haka lambobin girma da ake rabawa a bukukuwan ƙasa, a riƙa tunawa da mai koyar da solfej da shugaban fanfar da zabiyar da ta yaye 'yan amshi ashirin. Azuzuwan CFPM da ɗakunan gidajen matasa da al'adu, irin na Albarka Cibau da ke Tawa, a sa musu sunayen malaman da suka yi aiki a cikinsu.

Akwai dukiya kwance a ma'ajiyar Muryar Sahel da Tele Sahel, da cibiyar bincike ta IRSH da cibiyar nazarin adabin baka ta CELHTO a nan Yamai: muryoyin mutanen da suka riga mu gidan gaskiya, a kan tsofaffin faya-fayai da kaset. Zafi da ƙura ba su jiran kasafin kuɗi. A kwashe su zuwa kwamfuta tun ana iya jin su, a rubuta sunan kowane mai waƙa da garinsa da 'yan amshinsa da wanda ya koya masa, tun akwai tsofaffin ma'aikatan da za su iya gane murya su ce wane ne wannan. A ba iyalansu kwafi, a kuma buɗe wa ɗaliban jami'ar Abdu Mumuni da na CFPM su saurara.

A matsayina na malami, ba zan rufe ba sai na yi maganar aji. Yaro zai gama firamare a Yamai bai taɓa riƙe gurumi ba, bai san bambancin kotso da kalangu ba, kakaki kuwa sai a talabijin ranar hawan salla. A makarantun horon malamai a dawo wa darasin waƙa da martabarsa, a sa wanda ya iya ya koyar da shi. A ba daraktan lakwal izini da ɗan kuɗin da zai gayyato makaɗin unguwa ko na gari, ko sau ɗaya a wata, ya shigo aji da kayansa, a gabatar da shi da sunan malam, yara su miƙe su gaishe shi kamar yadda suke gaida kowane mushe. Ɗaliban da CFPM ta yaye kuma a buɗe musu ƙofar aikin koyarwa a kolej da lise, da albashi irin na sauran malamai.

Idan duka ba za su samu a bana ba, a fara da ƙidayar dattawan nan kafin damina mai zuwa, don yawancinsu sun haura saba'in. Ina kuma roƙon ku fito ku shaida wa jama'a ranar da za a fara, da ofishin da iyalan makaɗa za su tunkara da sunayen nasu.

Allah ya ja zamaninku, ya ba ƙasarmu lafiya da zama lafiya.

Wassalam.

Naku,
Wani tsohon malamin lakwal,
Yamai.